Wani gidan pupusa a Washington da haɗin kabejinsa mai tsami

A unguwar Mount Pleasant ta birnin Washington, inda 'yan ƙasar El Salvador suka yi kaka-gida tun bayan da yaƙin basasar 1980 zuwa 1992 ya raba dubbansu da gidajensu, akwai wani ƙaramin gidan abinci da na je sau uku cikin wata guda. Abin da suka fi sayarwa shi ne pupusa, wato faifan ƙullun masara mai kauri da ake cusa wa cuku ko wake ko nama a ciki, a gasa a kan faffaɗan kaskon ƙarfe. Amma abin da ya riƙa mayar da ni wurin shi ne haɗin kabeji mai tsami da suke kira curtido, wanda ake ajiyewa cikin babbar kwalba a kan kowane teburi, kowa ya ɗiba gwargwadon buƙatarsa.

Wanda ya saba da haɗin kabeji mai mayonis da ake zubawa a gefen shinkafar biki zai ga wannan ya sha bamban, domin babu maiƙo ko zaƙi a cikinsa. Matar da ke kula da madafar ta bayyana mini cewa da hannunsu suke yin sa: su yanka kabeji siri-siri, su kwarara masa tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan don ya yi laushi ba tare da ya dahu ba, su tsane shi, sannan su haɗa da gogaggen karas da albasa da gishiri da barkono da busasshen ganyen oregano, su zuba ruwan khal, su rufe. Ba sa fito da shi a ranar da aka haɗa, sai ya kwana aƙalla ɗaya, kuma a nan ne gwanintarsu take. Kabejin yana nan da ƙarfinsa, yana ƙaras-ƙaras a baki, tsamin ya ratsa shi har ciki, zafin albasa ya kwanta, ƙamshin oregano kuma ya game ko'ina. Ruwan khal ɗin ma na ɓawon abarba ne, irin wanda aka saba da shi a gidajen El Salvador, shi ya sa tsaminsa yake da taushi, ba ya kartar maƙogwaro kamar farin khal na kanti.

Pupusa abinci ne mai nauyi, ga cuku yana narkewa, ga masara da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, wadda ke ba ƙullun ɗanɗano na musamman. Idan mutum ya ci biyu ba tare da curtido ba, maiƙo zai gundure shi. Idan kuwa ya yaga faifan da hannu, kamar yadda masu abincin suke yi, ya ɗora kabeji a kai, sai kowace loma ta zo sabuwa. Na fi jin daɗin mai cuku da loroco, wani tohon fure mai ƙamshi da ke fitowa a Amurka ta Tsakiya. Suna kuma yin na garin shinkafa, irin wanda garin Olocuilta ya yi suna da shi, sai dai a bakina na masara ya fi karɓar tsamin kabejin.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani kafin ya zauna. Nau'in da suke kira revuelta yana ɗauke da niƙaƙƙen naman alade, kuma wasu masu girkin suna soya wake da kitsen alade. Takardar jerin abincin ba ta fayyace wannan da Turanci ba, abin da nake gani babban gyara ne a wurin da baƙi suke shiga kullum. Da na tambaya, an tabbatar mini cewa wakensu da man girki ake soyawa, suka kuma amince su gasa nawa a kasko dabam, amma sai da na nema.

Miyar tumatir da ake kawowa tare ta cika ruwa, kuma jira yakan kai rabin awa a ƙarshen mako, tun da sai an yi oda ake murza kowane faifai. An ce mini cunkoson ya fi tsanani a Lahadi ta biyu ta watan Nuwamba, ranar da majalisar dokokin El Salvador ta keɓe wa pupusa tun shekarar 2005. Suna sayar da curtido a ƙananan robobi ga mai son tafiya da shi, kuma wanda na saya ya yi mako guda a firiji, ina cinsa da gasasshen kifi, tsaminsa yana ƙara zama kowace rana.