Na'urar motsa ƙwaƙwalwa ko gashi (fisiyo): me ya kamata a fara biya wa mai shanyewar ɓarin jiki?

Da an sallamo Baba ko Inna daga asibiti, hannu a lanƙwashe, ƙafa ana ja, sai shawarwari su yi yawa. A kwanakin nan har da bidiyon na'urorin da ake ɗora wa mutum a ka, ana turawa a WhatsApp da alƙawarin hannu zai dawo. Tun da kuɗin jinya a Katsina yawanci karo-karo ne na 'ya'ya da 'yan'uwa, ya kamata a san abin da ake saye.

Na'urorin da ke motsa ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba iri biyu ne suka fi shahara. Ta farko TMS, wadda Anthony Barker da abokan aikinsa suka fito da ita a Shafil ta Ingila a 1985. Wani faifai ake karawa a kai, ya riƙa harba ƙarfin maganaɗisu zuwa sashen da ke sarrafa motsi. Babbar na'ura ce mai tsada, sai a asibiti, sai ƙwararre. Ta biyu tDCS, ƙarama mai batir: soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a manna a ka, a saki lantarki ɗan kaɗan na kamar minti 20. Ita ce ake samu a intanet, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro, domin idan aka manna soson ba daidai ba, wani sashen daban aka taɓa, fatar kai ma tana iya ƙonewa.

Shin suna aiki? Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna alamar amfani, amma manyan ba su gamsar ba. A gwajin NICHE da aka buga a Amurka a 2018, masu jinya 199 ne, an yi wa wasu TMS na gaske, wasu na kwaikwayo, dukkansu kuma ana yi musu atisayen hannu. Ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai da juna. Wato gwajin bai nuna TMS ta ƙara wani abu a kan atisayen ba.

Shi ya sa ni gashi nake sa wa a gaba, abin da ma'aikatan asibiti ke ce wa fisiyo. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi a wata 3 zuwa 6 na farko, kuma da maimaici take koyo: ɗaukar moɗa, ɓalle maɓalli, tashi daga kujera, sau ba adadi. Akwai dabarar ɗaure lafiyayyen hannu na wasu sa'o'i don a tilasta wa mai ciwon yin aiki, wadda gwajin EXCITE na 2006 ya nuna amfaninta ga wanda yatsunsa suka fara motsi. Akwai ta madubi, inda mai jinya ke kallon hoton lafiyayyen hannunsa yana motsi kamar shi ne ya shanye. Madubin kasuwa ya isa, muddin likitan gashi ya nuna yadda ake yi. A fara da neman sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mutanen Daura kuma su lissafa kuɗin mota cikin kasafin tun farko.

Kada a rikita TMS da tDCS da ƙananan na'urorin da ake mannawa a damtse ko ƙauri. Su tsoka da jijiyar wurin suke motsawa, ba su kai ga ƙwaƙwalwa ba.

Wanda yake da hali kuma yana son gwada TMS ko tDCS, ya yi shi ƙari a kan gashi, a hannun likitan ƙwaƙwalwa. Ya faɗa masa idan mai jinya yana da farfaɗiya, ko ƙarfe a ka, ko na'urar daidaita bugun zuciya. Ya tambayi zama nawa za a yi, nawa ne jimillar kuɗin, da wane ma'auni za a gane an ci gaba. Kafin duk wannan a ware kuɗin maganin hawan jini na kowane wata, domin barin shansa na cikin manyan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki karo na biyu.