Zango guda da kunshin koyar da ƙagaggen labari: abin da na gani a ajina

Na daɗe ina koyar da insha'i a ƙaramar sakandare, kuma babu ranar da take ba ni ciwon kai kamar ranar da na ce wa yara su rubuta labari. Takarda arba'in da wani abu nake kwasa in tafi da su gida, kusan duk kamarsu ɗaya: yaro ya tashi da safe, sai ya shirya, sai ya tafi makaranta, sai ya haɗu da abokinsa, sai suka dawo. Kalmar "sai" ce ke ɗauke da labarin tun daga sama har ƙasa. Wanda ya ga shafinsa ya kusa cika bai san inda zai sauka ba, ya rufe da cewa ashe mafarki yake yi. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta ara mini wani kunshi na koyar da rubutun labari, ban tsaya wata-wata ba. Zango guda cur na yi ina aiki da shi da 'yan aji biyu, yara 'yan shekara 12 zuwa 13.

Abu uku ne a cikinsa: jagoran malami mai darasi 18, kowane darasi na minti 40, sai takardun aiki da ake buga wa ɗalibai, sai katuna masu hotuna da aka kasa gida uku, na taurari (wato mutanen cikin labari), na wurare, da na matsaloli. Darussan suna bin ginshiƙan labari ɗaya bayan ɗaya: taurari, wuri da lokaci, rikici, zubi da tsari, bakin da ke ba da labarin, sannan jigo a can ƙarshe. Wannan jerin ya yi mini daidai. A da da jigo nake farawa, in ce su rubuta labari a kan gaskiya ko haƙuri, sai su kawo mini nasiha mai shafi biyu wadda babu mutum ko ɗaya mai rai a cikinta.

Darasi na huɗu shi ne zuciyar kunshin, kuma da shi kaɗai aka ba ni da na gode. Takarda ce mai tambaya huɗu: Wane ne? Me yake so? Me ya tare masa hanya? Me ya yi a kai? Kowane yaro zai zaro kati ɗaya daga kowane gida, ya amsa tambayoyin kafin ya rubuta jimla ko ɗaya ta labari. Wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika ɗaga hannu ba, ta zaro tsoho, da tashar jirgin ƙasa, da wasiƙar da ta ɓata. Da na leƙa littafinta ta riga ta rubuta cewa tsoho ya je tasha, sai ya zauna, sai jirgi ya zo. Na ce mata, "Me tsohon nan yake so?" Ta ce, "Malama, jirgi yake jira." Na ce, "Saboda me?" Ta yi shiru tana juya biro a hannu, har na ɗaga ƙafa zan wuce, sai ta ce, "Ɗansa ne zai dawo. A cikin wasiƙar aka rubuta ranar, kuma ta ɓata, shi ya sa kullum yake zuwa." Na sa ta maimaita wa aji da ƙarfi. Nan take yara suka shiga jefo mata tambaya: to ɗan ya zo? Wa ya ɗauke wasiƙar? Ban taɓa jin ɗalibaina suna tambayar juna yadda labarin insha'i zai ƙare ba sai ranar. Daga nan "sai" ta fara raguwa a rubutunsu, "amma" da "saboda haka" suka fara shigowa, ba tare da na yi darasin nahawu a kansu ba.

Darasin da ya biyo bayansa wajen amfani shi ne wanda ake hana yaro kiran sunan abin da tauraro yake ji a ransa. Ba a yarda ya rubuta tsoro, fushi ko murna ba, sai dai ya nuna abin da jiki ya yi. Wani yaro ya fara da "ya ji tsoro sosai". Bayan ya goge sau biyu ya kawo mini wannan: "Sau uku yana kai mabuɗi bakin ƙofa yana zamewa daga hannunsa." Na rubuta jimlar a saman allo, na bar ta har ƙarshen mako.

Inda na sha wuya shi ne zanen da jagoran ya kira dutsen labari, kuma a nan zan ɗan daɗe, don na san malamai da yawa suna amfani da shi. Zane ne mai siffar dala mai matakai biyar: gabatarwa, hawa, ƙololuwa, gangara, warwara. Asalinsa daga wani marubuci Bajamushe ne, Gustav Freytag, wanda ya fitar da shi a 1863. Abin da jagoran bai faɗa ba shi ne, shi Freytag wasan kwaikwayo mai fitowa biyar yake nazari, irin na Shakespeare, inda ƙololuwar take faɗowa a tsakiyar wasa, a fitowa ta uku. Gajeren labari ba haka yake tafiya ba. Ƙololuwarsa tana dab da ƙarshe, abin da ke biyo bayanta bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba. To yaro ɗan shekara 12 da aka miƙa masa zane mai gefe biyu daidai wa daida, me zai yi? Zai raba takardarsa biyu, ya gama abin da ya fi daɗi a tsakiya, ya cike sauran rabin da surutu don kada akwatin gangara ya zauna fayau. Haka kuwa aka yi. Labaran makon nan sun fi na kowane mako sanyi.

Abin da na yi shi ne na sake zana dutsen a allo, na tura kansa can dama, hawan ya yi tsawo, gangarar ta zama gajeriya. Na kuma daina ba su takardar kafin rubutu. Sai sun gama rubutun farko nake raba ta, kowa ya ɗora labarinsa a kai ya ga inda ya yi rami. A haka ta yi aiki ƙwarai. Ga masu rauni kuwa na koma ga abin da masanin Girka Aristotal ya faɗa fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wato farko, tsakiya da ƙarshe, kuma ya ishe su.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Bakin mai ba da labari darasi ɗaya tak aka ba shi, alhali nan ne yara suka fi tuntuɓe: su fara da "na tashi", kafin sakin layi na uku sun koma "ya tashi". Sai da na ƙara darasi biyu daga wurina. Minti 40 ɗin da aka ƙiyasta ma na aji mai ɗalibai kaɗan ne, ni kam darasi 13 na iya kammalawa cikin 18. Takardar da ɗalibi ke duba aikin ɗan'uwansa da ita ta yi yawan tambayoyi, har yara suka koma rubuta "ya yi kyau" a kowane layi. Na rage ta zuwa biyu: a ina ka fi son ka san abin da zai faru, a ina kuma ka ɓace? Katunan ba su da ƙwari, gefensu ya fara tanƙwarewa tun mako na uku.

Duk da haka ina ba malamin da ke fama da labaran "sai, sai" shawarar ya nemi irin wannan kunshi, musamman sabon malami da bai riga ya tara dabarunsa ba. Ya dai karanta jagoran gaba ɗaya kafin ya shiga aji, ya ware lokaci mai yawa ga tambayoyin nan huɗu, ya jinkirta dutsen. Na mayar wa abokiyar aikina nata, na nemi nawa. Zango mai zuwa da darasi na huɗu zan buɗe, kuma na roƙi yarinyar nan izini in karanta wa sababbin ɗalibai labarin tsohon tasha. Ta yarda, da sharaɗin in bari ta sake gyara ƙarshensa tukuna.