Ƙwallon Balan-balan a Bauchi: Yadda Muka Buga da Abin da Na Gani

Bikin abokinmu ne ya kai mu Bauchi a watan Disamban da ya wuce. Mu goma sha biyu muka ɗauki shatar mota daga Gombe bayan an sauko Juma'a, muka bi ta Alƙaleri, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, muka shiga gari ana kiran magariba. An ɗaura aure Asabar da hantsi, aka ci masa da miyar taushe har aka ture, sai yamma ta rage mana babu abin yi. Da farko Yankari aka so zuwa a yi wanka a Wikki, amma wanda ya san hanyar ya san daga mararrabar Dindima akwai sauran tafiya mai tsawo, ga shi yawancinmu mun je ba sau ɗaya ba. Sai babban abokin ango ya ce shi ya riga ya gama magana da wani matashi mai ba da hayar kayan ƙwallon balan-balan, wanda samari ke kira babul.

Ni ne na fi kowa ƙin abin. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da motsa jiki a makarantar sakandare, kuma bidiyon da na taɓa gani a Facebook bai nuna mini komai ba sai mutane suna bangaje juna suna wuntsilawa. Tsorona wuya da ƙashin baya. Na bi su ne don kada a ce na ware kaina a ranar farin cikin aboki, da niyyar in tsaya a gefe in sa ido.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin wata ƙatuwar ƙwallo ce ta roba mai haske, ana hura mata iska, tsakiyarta a huje kamar bututu daga sama har ƙasa. Mutum zai zura kansa ta ƙasa, ya saƙala madauri biyu a kafaɗa kamar mai goya jakar makaranta, ya kama mariƙi biyu da ke gaban ƙirjinsa. Daga kai zuwa cinya yana ciki, ƙafafu kaɗai ke waje. Wasan bai tsufa ba. A ƙasar Norwe aka fara shi a 2011, lokacin da wasu masu gabatar da shirin wasanni a talabijin, Henrik Elvestad da Johan Golden, suka nuna shi don nishaɗi, bidiyon ya bazu a intanet, daga nan ya shiga Ingila da Amurka da sauran wurare. A Turai ma abokan ango kan yi hayarsa idan sun fita yawon gabanin biki, don haka mu ba mu kauce hanya ba.

Mun yi da mai kayan ƙarfe huɗu daidai, da an idar da la'asar, a wani fili mai ciyawar roba da ake haya da awa. Bai iso ba sai huɗu da rabi ta gota. Ya zo da yaransa biyu a Keke Napep, balan-balan goma sha ɗaya a naɗe cikin buhuna, sai ga shi wuta ta ɗauke a filin, famfon hura iskarsa kuwa na lantarki ne. Kafin a tayar da janareta a hura su ɗaya bayan ɗaya, biyar ta yi. Wannan shi ne babban laifinsa a wurina, kuma na faɗa masa a gaban kowa. A watan Disamba rana ba ta jiran kowa, shida da 'yan mintuna an kira magariba. Wanda ya san sana'arsa hura kaya ce, shi ya kamata ya riga masu wasa isa da awa guda.

Abin da ya faru bayan nan ne ya sa na sauya ra'ayi a kansa.

Ya jera mu, ya ce kowa ya cire agogo da zobe da tabarau, ya zazzage makulli da waya daga aljihu, ya duba takalman kowa ya hana mai ƙusa. Ya tambaya ko akwai mai hawan jini, ko asma, ko ciwon baya da wuya. Mutum ɗaya ya ɗaga hannu, ya ce masa ya zauna ya riƙe mana lokaci. Sannan ya riƙa saka wa kowa da hannunsa, yana jan madauri, yana leƙawa ta sama. Da ya zo kan yayan ango, wanda dogo ne sosai, sai ya ce a cire.

"Yaya, ka yi haƙuri, wannan ba za ta ɗauke ka ba. Kanka ya kusa leƙowa."

"Kai dai bar ni haka, ai wasa ne. Zan sunkuya."

"Idan ka kifa, kanka ne zai fara taɓa ƙasa, ba robar ba. Sai an sami kamar taƙi guda tsakanin kanka da bakinta. Akwai babba guda ɗaya, tana yoyo, ka ba ni minti goma in yi mata faci."

Yaya ya ɗan ɓata rai, har ya ce zai ƙara masa wani abu. Yaron ya ce, "Wallahi Yaya ko nawa ne ba zan sa ka a ciki ba." Ya durƙusa ya shafa ruwan sabulu a jikin babbar har ya gano inda iska ke fita, ya manna faci kamar yadda mai facin taya ke yi. Ni da na san yadda ake raunata yara a filin wasa saboda an ji kunyar hana su, a nan hankalina ya kwanta. Na cire agogona na karɓi tawa.

Ya yi mini bayanin girman daga baya: mai faɗin mita 1.2 ta yara ce, mai mita 1.5 ita ce ta yawancin manya, sai mai mita 1.8 ta dogaye da masu jiki. Robar ma iri biyu ce. Tasa PVC ce, mai araha, ta fi nauyi kuma tana da wari. Akwai TPU, wadda ta fi sauƙin ɗauka, ta fi haske, ta fi jure wahala, amma kuɗinta ya fi ƙarfinsa a yanzu. Na ji daɗin da bai ɓoye mini wannan ba.

Muka rabu biyar da biyar, babu mai tsaron gida, don hannu ba ya fita balle a kama ƙwallo. Da ya busa usur sai kowa ya rugo tsakiya. Karon farko da aka yi da ni ban san daga ina ya zo ba. Na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, na ga sama, na ga ciyawa, na sake ganin sama, kuma babu inda ya yi mini zafi. Iskar ce ke shanye bugun gaba ɗaya, ta mayar da shi tsalle. Tashi ne aiki. Duk wanda ya yi ƙoƙarin miƙewa daga rigingine zai daɗe yana harba ƙafa a iska. Dabarar da aka koya mana ita ce ka mirgina ka kifa ciki, ka kafa gwiwa biyu, sannan ka ɗaga ƙafa ɗaya. A zagaye na biyu kowa ya iya.

A cikinmu akwai wanda ya yi suna a ƙwallon unguwa a Gombe, har ya taɓa zuwa gwaji a filin Pantami yana burin shiga Gombe United. A nan gwanintarsa ba ta yi masa rana ba. Ba ka ganin ƙwallon idan ta zo ƙarƙashinka, robar ta tare, numfashinka kuma ya sa ta yi hazo daga ciki. Da ya tsaya zai yi yanka, sai a ɗauke shi ta gefe. Wanda ya gagari kowa wani ɗan gajere ne mai kauri, mai sayar da hatsi a kasuwa, wanda tun muna makaranta ba a taɓa zaɓarsa a tim ba sai in mutum bai cika ba. Shi yana lanƙwasa gwiwa ya shigo daga ƙasa, nauyinsa na kusa da ƙasa, duk wanda ya tsaya a miƙe sai ya tashi sama. Sau uku ya kayar da ango. Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba, yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa su fito. A motar dawowa labarinsa kawai ake yi, shi kuwa sai murmushi yake yana kallon taga.

Bayan ƙwallon, mai kayan ya kawo wasu wasanni biyu. Ɗaya mutum biyu ne a cikin da'ira, kowa na neman ture ɗan'uwansa waje, kamar kokawa ba kamu. Ɗayan kuma kowane ɓangare zai zaɓi sarki, a kare shi, wanda aka fara kayar da sarkinsa ya faɗi. Wannan ya tuna mini langa da muke yi a dandali da farin wata, ture da kafaɗa da tare hanya, sai dai a nan babu mai gurje gwiwa a tsakuwa. A ganina waɗannan biyun sun fi ƙwallon kanta daɗi, kuma da an fara da wuri da su zan ce a fi ba lokaci.

Zafin ciki shi ne abin da bidiyo ba ya nunawa. Iska ba ta ratsa roba. Muna cikin hunturu, rana ta yi sanyi, amma minti biyar na farko rigata ta jiƙe sharkaf. Shi ya sa mai kayan yake busa usur duk bayan minti biyar a fito a sha iska, kuma bai yarda a ƙara ko da an roƙe shi ba. Wanda ya san Bauchi ko Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, ya san shiga wannan abu da rana tsaka neman suma ne. Daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan la'asar ko da sassafe, shi ne lokacinsa a ƙasarmu. Kuma kada a cika ciki. Biyu daga cikinmu da suka koma wa masa da azahar sun fita tun zagaye na biyu, zuciyarsu na tashi.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba: bai zo da ruwan sha ba, sai da muka aika aka sayo jakar fiya wata biyu. Cikin wasu balan-balan ɗin akwai warin gumin waɗanda suka riga mu, sai da na yi magana yaransa suka goge da tsumma da ruwan Dettol, alhali abu ne da fuska ke manne da shi. Ba shi da akwatin taimakon gaggawa, ko bandeji babu. Robar ba ta kare ƙafa, ɗaya daga cikinmu ya ɗan gurɗe a idon sawu da wani ya faɗo masa, ni na ɗaure masa da rawanin wani bawan Allah. Mai sana'ar da ake faɗuwa a cikinta sau ɗari a awa bai kamata a tuna masa wannan ba.

Kuɗin da muka yi da shi naira 60,000 ne na awa ɗaya da rabi, mun ba da rabi kafin alƙalami, kuɗin fili daban. Da aka kira magariba mun yi awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Kafin kowa ya buɗe baki, mai kayan ya ce a cire 15,000, lattin daga gare shi ne. Idan aka raba kuɗin tsakanin mutum goma sha biyu, bai kai abin da kowannenmu zai kashe a zuwa Yankari da dawowa ba. Amma ga mutum huɗu ko biyar ban ga ribarsa ba, kuɗin zai yi nauyi, wasan kuma sai da jama'a yake armashi. Goma zuwa goma sha huɗu shi ne daidai, ana yi ana canji.

Ƙannen ango mata sun ji labari da daddare suka ce su fa. Na kira mai kayan a waya, ya ce yana kai kayan gida mai babban tsakar gida ko makarantar 'yan mata, ƙanwarsa ce ke shiga ta saka musu ta riƙe usur, shi yana waje. Sharaɗinsa kada ƙasan ya zama siminti ko tsakuwa, kuma ban da mai juna biyu. Ban ga wannan da idona ba, don mun kamo hanya Lahadi da safe.

Wanda zai ɗauki irin wannan haya, ya tambayi girman da ake da su kafin ya biya ko sisi, ya faɗi tsawon mafi tsayi a cikinsu. Ya tambaya ko akwai janareta a filin. Ya sa a rubuta cewa lokaci zai fara ne daga busa usur na farko. A zo da gajeren wando ko na motsa jiki da riga ta biyu, kaftani ba ya shiga.

Kwana biyu kafaɗuna suna ciwo inda madauri ya zauna. Ranar Laraba na sake kiran mai kayan, na tambaye shi ko zai iya kawo kayan Gombe a wasannin gidaje na makarantarmu kafin zafi ya shigo. Na gindaya masa sharaɗi uku: ya kwana a Gombe don kada a yi latti, ya zo da akwatin magani, ya kuma samo masu mita 1.2, don 'yan aji ɗaya ba za su iya ɗaukar na manya ba. Ya ce guda huɗu kawai yake da su na yara, amma ya yi odar wasu shida daga Legas, da sun iso zai turo mini hotonsu.