Kafin ka sayi sikana don tsohuwar motarka

Corolla ce 'yar 2004, shigowar Amurka ta Kwatano, na saye ta a hannu na uku da niyyar in riƙa tayar da komaɗarta a hankali a ƙofar gida duk ranar Asabar. Koɗewar fenti da yagewar kujera ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wutar nan mai ruwan ɗorawa ta kan dashbod, wadda makanikai ke kira cek injin, ga kuma shan mai kamar ana tsiyayarwa a ƙasa. Gareji biyu na kai ta. Na farko ya ce famfon mai ne, na biyu ya ce nozul ne a canza duka huɗun. Kowannensu kunne ya kasa wa injin ya yanke hukunci, alhali motar tana da ƙwaƙwalwar da ta rubuta abin da ke damunta, mai tambayarta ne babu. Daga nan na shiga neman sikana, wato na'urar da ke karanta wannan ƙwaƙwalwar, kuma abin da na koya a wannan nema shi nake son in ajiye wa mai shirin saye.

Tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta motar ce: shekararta nawa, kuma wace ƙasa aka ƙera ta dominta? Amurka ta wajabta tsarin OBD2, wato soket da ƙa'ida ta bai ɗaya da mota ke magana da sikana ta kansu, a kan motoci tun daga 'yan 1996. Turai ta biyo baya, masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Saboda haka Camry Pencil ko Honda Baby Boy da ta fito daga Amurka za ta yi magana da kusan kowace sikana mai kyau, amma 'yar Beljiyam ta shekarar 1998 tana iya ƙin amsawa ko da soket ɗin ya shiga daram. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga soket mai ramuka 16, sama ya fi ƙasa faɗi ko akasin haka. Ganinsa alama ce mai kyau, amma ba shi ne tabbaci ba. Golf 3, wadda har yau ta cika tashoshinmu, misali ce: wasu suna da wannan soket ɗin, sai dai yarensu na Volkswagen ne zalla, sai an haɗa su da kwamfuta ta igiyar KKL da manhajar VCDS kafin su buɗe baki. Tsofaffin Marsandi da yawa kuwa soket ɗinsu zagayayye ne mai ramuka 38 a cikin bonet.

In kuwa motarka Fijo 504 ce irin wadda aka haɗa a Kaduna, ko wata mai kafireto, to ka riƙe kuɗinka. Babu ƙwaƙwalwa a cikinta balle a tambaye ta. Tsofaffin Toyota masu injekta na kafin 1996 su ma ba sa buƙatar sikana: akwai ɗan akwatin gwaji a cikin bonet, ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli, wutar cek injin ta riƙa ƙiftawa kana ƙirga lambar matsalar.

Ga wanda motarsa ke jin OBD2, kaya iri huɗu ne a kasuwa, kuma ba su yi kusa da juna a kuɗi ko a aiki ba.

Mafi araha shi ne ɗan ƙaramin nan kamar akwatin ashana da ake kira ELM327, wanda ake cusawa a soket ya haɗu da wayar hannu ta Bluetooth ko Wi-Fi, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Asalin ELM327 wani kamfanin Kanada ne, Elm Electronics, ya ƙirƙire shi, amma kusan duk shuɗayen nan masu arha da ake sayarwa kwaikwayo ne. Kwaikwayon ma hawa-hawa ne. Motocin Amurka daga 2008 duk yare ɗaya suke yi, wato CAN, amma na kafin nan sun rarrabu: Toyota da Honda na wancan zamani galibi ISO 9141-2 suke ji, Ford tana da nata, General Motors tana da nata. Kwaikwayo mara kyau yakan iya CAN kawai. Sai ka ga ya yi aiki lafiya lau a motar maƙwabcinka 'yar 2012, ka cusa a taka 'yar 2003 ya yi ta juyi bai haɗu ba. Na farkon da na saya haka ya yi mini, wutarsa na kamawa, wayar na ganinsa, motar kuwa shiru. Masu rubutun v2.1 a jiki su aka fi kuka da su a kan tsofaffin motoci, masu v1.5 sun fi dama-dama, amma rubutun jiki ba shaida ba ne. Shaida ɗaya ce: ka je da motarka, a cusa a gabanka, ka ga jujjuyawar inji da zafin ruwa sun fito a waya kafin ka miƙa kuɗi. Mai iPhone ya ƙara lura, tsohon Bluetooth na waɗannan na'urori ba ya haɗuwa da ita, sai mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth. Kuma kada a bar shi a soket a kwana, domin akwai wuta a ramin na 16 ko da an kashe mota, motar da ke yin mako a ajiye tana iya wayar gari batir ya yi sanyi.

Duk da wannan, in ka dace da mai kyau, ni a ganina babu abin da ya kai shi riba ga mai gyara a gida, saboda allon waya yana nuna maka injin yana numfashi, ba lamba kawai ba.

Na biyu shi ne na hannu mai allonsa da igiyarsa, irin ƙananan Autel da Launch da Ancel. Ba ruwansa da waya, ba ruwansa da caji, daga motar yake shan wuta, kuma yawancinsu suna jin duk yarukan OBD2 tsoho da sabo. Wanda ba ya son wahalar haɗa Bluetooth, ko wanda zai riƙa ba yara a gareji, wannan ya fi masa. Abin tambaya ɗaya ne a shago: yana nuna bayanan inji kai tsaye yayin da yake aiki, ko lamba kawai yake karantawa ya goge? In lamba kawai ne, ƙara kuɗi ka ɗauki na gaba da shi.

Ga iyakar waɗannan biyun, kuma mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. OBD2 na gama-gari an yi shi ne don inji da hayaƙi. Wutar birkin ABS, wutar jakar iska, yawancin matsalolin giya, duk ba ya ganinsu. Masu ganin wannan su ne iri na uku, manyan nan masu kama da tablet, irin Autel MK808 da takwarorinsa na Launch, masu shiga kowane sashe na motoci iri-iri. Kayan aiki ne na gaske, amma kuɗin ɗaya zai sayi ƙananan da yawa, kuma bayan wani lokaci sabunta manhajarsa sai an biya. Mai gareji ya saya, zai mayar da kuɗinsa. Mai mota ɗaya a ƙofar gida bai kamata ba. Shi abin da ya fi dacewa da shi, in ƙaramin ya gaza, shi ne na huɗun: igiya da manhajar kamfanin motar a kan laftof, wato Techstream da igiyar Mini VCI ga Toyota, Diagbox ga Fijo 406 da 307, VCDS ga Volkswagen. Suna shiga lungun da ƙananan ba sa kaiwa, sai dai ɗora su a kwamfuta akwai cin rai, kuma a ciki akwai wuraren da in ka taɓa ba da sani ba za ka rikita saitin motar. Karanta, kada ka canza abin da ba ka fahimta ba.

Bari in koma kan Corollata, domin a nan za a ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan bayanan kai tsaye. Lambar da ta fito P0171 ce, ma'anarta iska ta fi mai yawa a cakuɗin da injin ke ƙonawa. Lambar ba ta ce famfo ba, ba ta ce nozul ba, ba ta ce sensa ba. Alama ta faɗa, dalili kuwa sai an bincika. A allon akwai wani adadi da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa don ta cike giɓi. A lafiyayyen inji yakan tsaya cikin kashi 10 sama ko ƙasa. Nawa ya haura 20 in mota na tsaye, amma ina taka totur sai ya sauko. Da famfon mai ne ya gaji, da lokacin taka totur abin zai ƙara muni. Saukowar nan ita ta nuna iska ce ke satar hanya. Na bi roba ɗaya bayan ɗaya da yatsa, injin na aiki, har na ji wata siririyar tsotsa a ƙasan babbar robar da ke bayan sensar iska. Na lanƙwasa ta, sai ga tsaga ta buɗe baki kamar kaushin dunduniya a hunturu. Roba ɗaya na sayo a Ƙofar Ruwa, na wanke sensar da feshin da aka yi dominta, ƙurar da ta fito ja wur. Bayan kwana uku adadin ya dawo 4.

Akwai lambobi biyu da duk mai tsohuwar mota a ƙasar nan zai iya cin karo da su. P0420 tana nufin matatar hayaƙin cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata, kuma sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, an fasa an kwashe ta ne tun kafin motar ta zo hannunka. P0128 kuma injin ne ba ya kai zafin da aka tsara masa. Wannan aikin hannunmu ne: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin Corolla irin tawa yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In babu shi, ƙwaƙwalwar tana ɗaukan injin bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da zuba mai fiye da ƙima. Ni abin da na fara kira gyara a motata ke nan, mayar da tamostat da sakin fanka ta koma tashi da kanta, bayan na tabbatar lagireto a wanke yake. Allon Android da sababbin rim sun jira watanni, ban kuma ji na rasa komai ba.

Sikana tana da wani amfani a ranar sayen mota. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, wutar cek injin dole ta kama, in ba ta kama ba to a bincika, ana cire ƙwan ko a rufe shi. Sannan duba gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta. In babu lamba ko ɗaya amma yawancinsu na nuna ba su kammala ba, to ba da jimawa ba aka goge ko aka cire kan batir, ka nemi a yi doguwar tafiya da ita kafin a yi ciniki.

Cikin kuɗin da ka ware, ka rage na mita, wato ƙaramar na'urar auna wuta ta masu wayarin. Lambobi da yawa da ke tsorata mutane raunin batir ne ko tsatsa a wayar bodi. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6 in mota a kashe take, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Sai abin auna matsin silinda, wanda ake ɗaurawa a ramin filogi. Kafin kowa ya ce maka a sauke inji a sa ringi, auna silinda huɗun, in sun yi kusa da juna kuma suna cikin adadin da littafin motar ya faɗa, to matsalar tana wani wuri. Waɗannan biyun su ne kuma kayan gwajin mai 504.

In ni ne yau da mota ɗaya 'yar tsakanin 1996 da 2007, na hannu mai nuna bayanai kai tsaye zan fara ɗauka, da mita. Wanda ya saba da waya kuma mai shago ya yarda a gwada a jikin motar, ɗan Bluetooth ɗin ya ishe shi. Igiyar laftof sai ranar da wutar ABS ko ta jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa.