Jirgin ya yi kyau, amma awa goma sha ɗaya na yi a kujera ɗaya daga Landan zuwa New York

'Yata ce ta sayi tikitin, don in halarci sunan ɗanta na fari a unguwar Bronx ta New York. Na kwana biyu a Landan wajen ƙanena, ranar sunan kuma na kama hanya, tunda a takarda jirgin zai tashi sha ɗaya da rabi na safe ya sauka wajen biyu da rabi na rana agogon New York. Raɗin suna dai na san ba zan samu ba, walimar bayan La'asar nake hari. Ba zan ambaci kamfanin ba, masu bin wannan hanya sun san su nawa ne.

Da na shiga, gaskiya raina ya yi fari. Boeing 787 ne, wanda ake kira Dreamliner, kuma ban taɓa hawansa ba. Tagar ta fi duk wadda na saba gani girma, babu murfin da ake ja, sai wani ɗan maɓalli a ƙasa, kana dannawa gilashin na rinewa shuɗi-shuɗi har ya yi duhu. Ƙarar injin ba ta cika kunne ba. Ni mutum ne da duk tafiyar da ta wuce awa biyar sai na sauka da ciwon kai da bushewar hanci, wannan karon ko ɗaya ban ji ba. Dalili shi ne mafi yawan jikin jirgin ba da alminiyon aka yi shi ba, don haka ana iya daidaita iskar ciki kamar kana tsayin ƙafa 6,000 maimakon 8,000 na tsofaffin jirage, da ɗan danshi a ciki. A nan na yaba, kuma har yanzu ina yabawa. A raina na riga na ba su tauraro huɗu tun ba mu motsa ba.

To, ashe ba za mu motsa ba. An rufe ƙofa, an ja mu baya kaɗan, sai muka tsaya cik. Bayan minti arba'in matuƙi ya ce akwai wata 'yar matsala da injiniyoyi ke dubawa, minti ashirin ta wuce. Minti ashirin ta zama awa guda, awa guda ta zama biyu. Ba a bar kowa ya sauka ba, fitilar ɗaura bel tana kunne kusan duk lokacin, abin da aka raba mana kofin ruwa ɗaya ne da ɗan biskit. Kujeru tara ne a layi, uku-uku-uku, ni ina ta taga, gwiwata ta dama wadda dama ke damuna ta tokare da kujerar gaba. Tun muna ƙasa na ji takalmina ya fara matse ni. Wata dattijuwa a layinmu ta danna ƙararrawa sau uku tana neman a bar ta ta zaga, ba wanda ya leƙo sai a na huɗu. Ban ga laifin a tsaya a gyara jirgi ba, rai ya fi komai. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda aka bar mu kamar kaya a sito, ba mai fitowa ya faɗa mana gaskiyar lokaci, balle in kira 'yata in ce kada su jira ni. Sai uku saura minti ashirin muka tashi.

Daga nan sai awa takwas ba kaɗan a sama. Kuma tagar nan da na yaba ita ta juyo ta ɓata min. Bayan an ci abinci ma'aikata suka rine dukkan tagogi daga wajensu suka kulle, na danna maɓallin har na gaji. Mai tafiya yamma rana ba ta faɗuwa da wuri, bin ta kake yi, agogon hannunka yana cewa Isha'i ta yi alhali waje tsakar rana ce. Ni da nake son in leƙa in ga inda rana take don in san lokacin sallata, aka hana ni. Na roƙi wata ma'aikaciya, ta ce mutane na barci. Na haɗa Azahar da La'asar a zaune bisa kintace. Abincin halal da aka yi min oda tun makonni ma ba a ɗora shi ba, da burodi da shayi na wuni.

Biyar da rabi muka sauka. Kafin in gama da jami'an shige da fice in ratsa cunkoson gari, an yi Magariba. Na tarar an tattare tabarmi, baƙi sun watse, sai surukina a bakin ƙofa yana cewa, "Baba, sannu da hanya, kun sha wuya." 'Yata ta miƙo min takwarana tana murmushi, amma na ga idonta ya yi ja. Ƙafata kuwa kwana biyu ta yi a kumbure.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne bayan mako guda. Surukina ya kai ni gidan tarihi na Intrepid a bakin kogin Hudson, inda aka ajiye Concorde guda ɗaya, tsohon jirgin fasinjan nan mai wuce gudun sauti. Siriri ne, dogon hanci, tagoginsa ba su fi tafin hannu ba, kujeru bibbiyu hagu da dama, mutum ɗari kawai yake ɗauka. Ta fuskar walwala, jirgin da na hau ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma wannan jirgin da nake tsaye a ƙarƙashinsa shi ne ranar 7 ga Fabrairun 1996 ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Na yi shiru ina lissafi. Wato zaman da muka yi a ƙasa ba mu motsa ba ya fi tsawon duk tafiyarsa ta ƙetare teku. Yana ninka gudun sauti sau biyu, sama da kilomita 2,100 a awa, a tsayin ƙafa 60,000. Mai tashi daga Landan kan sauka New York agogo bai kai lokacin da ya taso ba. Da shi na hau, ko da jinkirin nan, da ni aka buɗe walima.

Tun 1976 ya fara jigilar fasinja, hanyar farko ta Air France ma ta Dakar ta bi zuwa Rio. Ya daina a 2003, bayan haɗarin da ya faru kusa da Faris a Yulin 2000 da ya ci rayuka 113, ga shan mai, ga tsada, ga tsawar da yake yi in ya keta gudun sauti wadda ta sa Amurka ta hana irin wannan gudu a saman ƙasarta a 1973. Na san kuɗin tikitinsa ya haura dala 10,000 zuwa da dawowa, ba na irina ba ne. Duk da haka abin na ci min rai: Boeing 707 na 1958 da jirgin da na hau kusan gudunsu ɗaya. An gyara iska, an rage shan mai, an manna wa kowa talabijin a gabansa, amma awannin suna nan yadda iyayenmu suka bar su, kujerar ma ƙara matsewa ta yi.

Surukina ya ce in kwantar da hankali, kamfanin Boom na ƙera wani mai suna Overture, ɗan ƙaramin jirginsu na gwaji ya keta gudun sauti a Janairun 2025, kamfanonin jirage na United da American kuma sun yi odar Overture ɗin. Ina fata Allah ya sa a dace, da gaske nake, domin duk mai ɗa ko jika a ƙetaren teku ya san darajar awa huɗu. Amma kujeru 64 zuwa 80 ne a ciki, injinsa ma su da kansu suke ƙerawa tun da kamfanin injuna na Rolls-Royce ya janye a 2022, kuma ban ga alamar kujerar masu ƙaramin tikiti a lissafinsu ba.

Shi jirgin da na hau na ba shi tauraro huɗu. Kamfanin kuwa biyu, kai, da na tuna dattijuwar nan da ƙararrawarta, ɗaya ya ishe su. Na rubuta musu koke tun ina can, amsar da ta zo ita ce sun samu saƙona. Tikitin dawowa nasu ne, ba yadda zan yi, amma na sa an canja min kujera zuwa bakin hanya, kuma na sayi safar matse ƙafa.