Bitar na'urar kiran ma'aikatan jinya marar waya, da matsayinta a gasar manyan kamfanoni

Na'urar da wannan bita ta shafa ita ce ta kiran ma'aikatan jinya marar waya, irin wadda masana'antun ƙasar Sin ke ƙerawa da yawa, 'yan kasuwa kuma su shigo da ita da sunaye iri-iri alhali kayan cikinta kusan ɗaya ne. An saka ta a ɗakunan kwantar da marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin kuɗi wanda nake cikin masu kula da sayen kayan aikinsa, kuma ta yi aiki tsawon lokacin da ya isa a yanke mata hukunci. Ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta a ɗakin kwanciya na gama-gari, amma ba ta kai a damƙa mata ran majinyacin da ke cikin mawuyacin hali ba, kuma dalilin hakan yana da alaƙa kai tsaye da abin da manyan kamfanonin duniya ke gasa a kansa.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai madanni mai faɗin tafin hannu da ake mannawa a bango kusa da kan gado, mai wurin dannawa don kira da wani don soke kiran, sannan da gajeriyar igiya mai madanni a ƙarshenta don wanda ba ya iya miƙa hannu. Akwai allo da ake ratayewa a teburin ma'aikatan jinya, wanda ke nuna lambar gadon da aka yi kira daga gare shi tare da ƙara, sai kuma 'yan na'urori masu kama da agogon hannu waɗanda ke girgiza su nuna wannan lambar. Saƙon yana tafiya ne ta igiyar rediyo, a mita 433 megahaz kamar yadda aka saba a irin waɗannan kaya, don haka ba a fasa bango ba, ba a ja waya ba, ba a kuma kwashe marasa lafiya daga gadajensu ba a ranar da aka haɗa ta. Ga asibitin da ginin sa asalinsa gidan zama ne, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Amfaninta ya fi bayyana da dare. A asibitocinmu, kowa ya san cewa mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kwana kusa da gado, shi ne ƙararrawar majinyaci: idan ledar ƙarin ruwa ta kusa ƙarewa, ko ciwo ya tashi, shi zai bi baranda yana neman Sista, ya bar mara lafiyar shi kaɗai a daidai lokacin da ya fi bukatar a tsaya a kansa. Da zuwan na'urar, wannan zirga-zirga ta ragu ƙwarai. Na ga wata dattijuwa da aka yi wa tiyata, wadda ba ta iya ɗaga murya saboda zafin ɗinki, ta lalubo igiyar a gefen matashin kanta ta danna, agogon da ke hannun ma'aikaciyar jinya ya girgiza tana ɗakin haɗa magani, ta iso kafin 'yar dattijuwar ta gama farkawa daga kan tabarma. Ma'aikatan dare, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ɗakuna da dama, sun karɓe ta hannu bibbiyu, domin sun daina zagaye a makance. Allon kuma yana cin wuta kaɗan, har ƙaramar inbata ta riƙe shi idan an ɗauke wuta kafin a tada janareta.

Kafin a zo ga nakasunta, ya kamata mai karatu ya ga inda take a kasuwar duniya, domin sai an san abin da wasu ke sayarwa ake gane abin da aka cire aka samu wannan araha. A Amurka, manyan masu wannan harka sun haɗa da Rauland, mai tsarin Responder, wanda kamfanin AMETEK ya saye a 2017 a kan kimanin dala miliyan 340, da Hillrom, wanda Baxter ya kammala saye a watan Disamba na 2021 a kan sama da dala biliyan 10, sai ƙanana irin su Jeron da TekTone. A Turai akwai Ascom na Suwizalan mai tsarin Telligence, da Schrack Seconet na Ostiriya mai Visocall IP, da Ackermann na Jamus wanda ke ƙarƙashin Honeywell, da Televic na Beljiyam. Austco na Ostareliya, mai tsarin Tacera, shi ma yana cikin masu neman kaso. Abin lura a nan shi ne waɗannan kamfanoni sun daɗe da daina gasa a kan madanni da fitilar da ke kan ƙofa, domin kowa ya iya wannan. Gasarsu ta koma kan manhaja: wane ne zai iya aika kiran kai tsaye zuwa wayar ma'aikaciyar da aka ba wa wannan majinyaci, ya miƙa shi ga wata idan ta farko ba ta amsa ba, ya haɗa shi da gadon da ke sanar da cewa majinyaci na ƙoƙarin sauka, ya kuma rubuta komai a kundin bayanan asibiti na kwamfuta. Wannan ne ya sa Hillrom ya sayi Voalte, kamfanin manhajar sadarwar ma'aikatan asibiti, a 2019, shi kuma Stryker, kamfanin kayan asibiti, ya sayi Vocera, mai irin wannan harka, a 2022 a kan kimanin dala biliyan 3.

Akwai dalilin da ya kai su wannan fage. Asibitocin Amurka suna ba marasa lafiyar da aka sallama takardar jin ra'ayi mai suna HCAHPS su cike, wadda a ciki, har zuwa ƙarshen 2024, aka daɗe ana tambayar majinyaci ko ya samu taimako da wuri bayan ya danna madannin kira, kuma sakamakon wannan bincike yana shafar kuɗin da gwamnati ke biyan asibiti. Haka kuma hukumar tantance asibitoci ta Joint Commission ta yi gargaɗi a 2013 game da yawan ƙararrawar na'urori, wadda ke gajiyar da ma'aikata har kunnensu ya saba ya daina ji. Asibitin da ke cikin wannan matsi zai biya kuɗi mai yawa don tsarin da ke auna daƙiƙoƙin amsa kira, ya kuma rarrabe kiran neman ruwan sha da na bugawar zuciya. Mu ba mu cikin wannan matsi, kuma yawancin asibitocinmu ba su da kundin bayanai na kwamfuta da za a jona wa irin wannan tsari, saboda haka rashin waɗannan ƙawace-ƙawace bai dame ni ba a na'urarmu.

Abin da ya dame ni guda ɗaya ne, kuma shi ne jigon wannan bita: na'urar ba ta sanin lokacin da ta lalace. Madannin yana aika saƙo ne kawai, ba ya karɓar amsa, allon kuma ba ya bibiyar madannai ya tabbatar suna raye. Idan batir ya yi sanyi, ko katangar kankare ta tare saƙon, majinyaci zai danna, ya ga 'yar jar fitila ta haska a ƙarƙashin yatsansa, ya kwanta yana jira da tabbacin an ji shi, alhali ba abin da ya isa teburin. Wannan ya faru a ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda nisan da aka rubuta a kwali, wanda a fili aka auna shi, ya ragu sosai bayan saƙon ya ratsa bango biyu, kuma ba a gano ba sai da mai jinya ya fito da ɓacin rai yana cewa sun yi ta kira an yi banza da su. Ma'aikaciyar da ta sha faɗan ba ta da laifi, ba ta kuma da wata hujjar kare kanta, domin allon ba ya ajiye tarihin kira mai ɗauke da lokaci. Ƙa'idojin da manyan kamfanoni ke bi, wato UL 1069 a Amurka da DIN VDE 0834 a Jamus, an tsara su ne don toshe irin wannan ɓaraka. Tsarin da ya cika ƙa'idar Jamus dole ne ya riƙa duba kansa ya sanar da matsala, ya ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke, kuma a yawancin tsare-tsare masu waya, ko igiyar ce ta zare daga bango, sai kira ya tashi da kansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma abin da aka rasa a nan ya wuce ado, domin majinyacin da ya amince da madanni ya fi wanda ba shi da shi shiga haɗari ranar da madannin ya yi shiru.

Sauran nakasun ƙanana ne. Ana iya kashe ƙarar daga allon ba tare da an je bakin gadon ba, wanda ke buɗe ƙofar a kashe a manta. Madannin banɗaki bai jure danshi yadda ya kamata ba, sannan gam ɗin da ke bayan madannai yana saki a lokacin zafi, har sai da aka koma ɗaure su da kusoshi.

Game da dillali, ya kawo kaya a kan lokaci, ya haɗa su, ya koya wa ma'aikata, amma ba ya ajiye kayan gyara, kuma madannin da ya mutu sai an jira kaya na gaba. A nan ne nake ganin gasar duniya ba ta iso gare mu yadda ya kamata ba. Manyan kamfanoni suna kai kayansu ga manyan asibitoci ta hannun wakilai, da kwangilar kulawa wadda farashinta ke bin dala, masu araha kuma suna sayarwa su wuce. Tsakanin waɗannan biyu akwai asibitoci masu ɗimbin yawa, a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, waɗanda bukatarsu ba ta wuce tsari marar waya mai amsawa ta ɓangare biyu ba, mai sanar da mutuwar batir, mai ajiye tarihin kira, da injiniyan da za a iya samu a gari. Fasahar tana nan, domin kamfanoni irin su Courtney Thorne na Ingila sun daɗe suna sayar da tsarin kira marar waya ga asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, sai dai har yanzu ba mu ga mai kawo irinsa da farashin da ƙaramin asibiti zai iya ɗauka ba.

Ga wanda zai sayi wannan na'ura, shawarata ita ce ya gwada kowane madanni a ainihin gadon da zai zauna, ƙofofi a rufe, kafin ya biya kuɗi, ya kuma sa a ƙara na'urar ƙarfafa saƙo a duk inda aka ga rauni. Ya sayi madannai da batura na ajiya tun a cinikin farko. Ya shigar da gwajin madannai cikin aikin miƙa ragama tsakanin ma'aikatan safe da na dare, a riƙa sa hannu a littafi, tunda na'urar ba za ta yi wannan da kanta ba. Ɗakin kulawa ta musamman, da ɗakin farfaɗowa bayan tiyata, da ɗakin masu naƙuda kuwa, a nema musu tsari mai waya wanda ya cika ɗaya daga cikin ƙa'idojin da na ambata, ko da hakan zai sa a jinkirta sayen wani abu a kasafin shekara.