Kantin da ke fayyace ma'anar sunayen yara maza a Agege

Da matar ƙanina ta haifi ɗa namiji, dangi suka ɗora mini nauyin nemo sunan yaron daga Littafi Mai Tsarki. Wani ɗan'uwa a sashen Hausa na ikilisiyarmu ya kwatanta mini wani ƙaramin kantin littattafan Kirista a Agege, inda ban da sayar da littattafan waƙoƙi da kalanda, ake rubuta sunan jariri da asalinsa da ma'anarsa da ayar da ta dace da shi, a sa a firam domin ranar suna.

Mai kantin dattijo ne ɗan Filato, kuma abin da ya sa nake yaba wurin shi ne iliminsa. Da na ce masa zuciyata ta kwanta da Bulus, sai ya ce, "Ɗana, ka san cewa ma'anarsa ƙarami ce?" Ya bayyana mini cewa sunan daga Latin yake, Paulus, kuma sunan Ibraniyanci na Manzo Bulus shi ne Shawulu, kamar yadda Ayyukan Manzanni 13:9 ta ambaci sunayen biyu tare. Ya ƙara da cewa siffar da muke furtawa da Hausa ta bi lafazin Larabci, harshen da ba shi da harafin "p", shi ya sa muke cewa Bulus da Bitrus. Na shekara da shekaru ina kiran waɗannan sunaye ban taɓa tambayar dalili ba.

Daga nan ya buɗe wani tsohon littafin rubutu da ya cika da hannunsa, wanda gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yawan juyawa, yana bin layi da yatsa. Bitrus daga Helenanci yake, ma'anarsa dutse, fassarar Kefas na Aramaik a Yohanna 1:42. Istifanus kambi ne, Filibus kuwa mai son dawakai, abin da ya ce yakan sa iyaye su ɗan ja da baya. Toma yana nufin ɗan tagwaye, don haka yana ganin bai dace a sa wa yaron da ya zo shi kaɗai ba sai da sani. A cikin na Ibraniyanci ya fi daɗewa a kan Ishaku, wato dariya, domin abin da mahaifiyarsa Saratu ta faɗa a Farawa 21:6 bayan ta haife shi da tsufanta, cewa Allah ya sa ta dariya. Ƙanina da matarsa sun shekara 7 suna jira, saboda haka ina jin wannan na san an gama zaɓe.

Inda kantin ya gaza shi ne wajen bugu. Yaron da ke kan kwamfuta ba ya jin Hausa, kuma injinsu ba ya fitar da haruffa masu lanƙwasa, sai "ɗa" ya koma "da", jimlar ta rikice. Sau 2 na hau keke Marwa na koma, cikin cunkoson da kowa ya san Agege da shi, kafin aka gyara, aikin da aka yi alkawarin kwana 3 ya kai kwana 6, ranar suna ta kusa riskarmu. Katakon firam ɗin ma marar nauyi ne, bai kai kuɗinsa ba.

Duk wanda zai je, ina ba shi shawara ya je tun kafin haihuwa, ya zauna da dattijon da kansa, ya kuma karanta rubutun a fuskar kwamfuta harafi bayan harafi kafin a buga. Wanda yake son sunan Hausa irin su Bege ko Nagode a haɗa da na Littafi Mai Tsarki, sai ya faɗa tun farko, domin ana ƙara layi na biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba.